Saule: Kalmar da 'yan Latbiya suka raɗa wa duniya suna da ita

A harshen Latbiya, ƙasar da ke gaɓar tekun Baltik a arewacin Turai, kalmar "saule" na nufin rana, wato wadda ke fitowa daga gabas. Yini kuwa "diena" ake ce masa, saɓanin Hausa da ta haɗa ma'anonin biyu cikin kalma guda.

Asali

Masana harsuna sun ce kalmar ta samo tushe ne daga tsohon harshen da ya haifi akasarin harsunan Turai da na arewacin Indiya. Danginta sun haɗa da "saulė" a harshen Lituwaniya, da "sol" a Latin, da "surya" a Sanskirit.

Nahawu

Kamar Hausa, harshen Latbiya ya kasa sunaye jinsi biyu. "Saule" mace ce, shi kuwa wata, "mēness", namiji ne, daidai da yadda suke a Hausa da Larabci.

Ƙarshen kalmar na sauyawa gwargwadon aikinta a jimla. Idan ita ce mai aikatawa, sai a ce "saule". Idan a kanta aikin ya faɗa, "sauli". "Saules" na nuna mallaka, "saulei" na nufin ga rana, "saulē" kuma cikin rana. Idan za a ambace ta da sigar ƙauna, sai a ce "saulīte".

Duniya da lahira

Daga wannan kalma aka ƙirƙiro "pasaule", wato duniya, wadda asalin ma'anarta shi ne abin da ke ƙarƙashin rana. Lahira kuma akan ce mata "viņsaule", wato waccan rana, ko "aizsaule", bayan rana.

Hakan na da nasaba da tarihi. Kafin addinin Kirista ya kafu a yankin a ƙarni na 13, mutanen wurin sun ɗauki Saule a matsayin abar bauta, mai jin ƙan marayu. Sunanta ya yawaita a waƙoƙin gargajiya da ake kira "dainas", waɗanda Krišjānis Barons ya tattara, aka wallafa tsakanin 1894 da 1915.

Har yanzu 'yan ƙasar na bikin Jāņi a ranakun 23 da 24 ga watan Yuni, lokacin da yini ya fi tsawo, inda sukan kwana a gaban wuta har fitowar rana. Haka kuma hoton rana mai ɓullowa na cikin tambarin ƙasar da aka amince da shi a 1921.