Daga Ina Akuyar Turke Ta Fito?

A ƙasar Dawakin Tofa da Minjibir da Bichi da Ɗambatta, gona ba ta hutu. Jama'a ta yi yawa, gonaki sun haɗe iyaka da iyaka, babu dajin da mutum zai shiga ya sari sabuwa. Duk da haka, shekara da shekaru ana girbe gero da dawa da wake da gyaɗa a fili ɗaya. Michael Mortimore, wanda ya yi nazarin kewayen Kano a shekarun 1960, ya nuna cewa taki ne ƙashin bayan wannan noma. Takin kuwa mafi yawansa daga turke yake fitowa. Da shuka ta tsiro sai a ɗaure awaki da tumaki a gida, yara su riƙa yayo musu ciyawa. Da kaka a ɗaure harawa a ɗora kan rufi ko reshen bishiya. Da bazara a kwashe abin da ya taru, a cika mangala, jaki ya kai gona, a zuba tsibi-tsibi kafin ruwan shuka.

To amma akuyar nan da tunkiyar baƙi ne. Kakanninsu na daji ba a Afirka suke ba. A duwatsun Zagros na ƙasar Iran, a wani kufai mai suna Ganj Dareh, an tono ƙasusuwan awaki na wajen shekara 10,000 da suka wuce. Yaya aka gane na gida ne ba na farauta ba? Da aka tantance ƙasusuwan, sai aka ga mazan tun suna ƙanana ake yanka su, matan kuwa sai sun tsufa. Maharbi babba yake nema ya harba. Makiyayi ne ke rage maza ya bar uwa don ta haifa. Lissafin da uwargida a Kunci take yi ke nan har gobe: in lalura ta taso ɗan taure za a kai kasuwa, uwar garke ba a taɓa ta.

Ta Masar suka shigo Afirka, kimanin shekara 8,000 baya, lokacin Sahara tana da tafkuna da ciyawa. Zanen garken shanu na nan a jikin duwatsun Tassili a Aljeriya. A Adrar Bous, gefen Azbin a Nijar, an tono ƙwarangwal ɗin saniya a 1970, wadda ta yi dubban shekaru. A 2012 kuma aka bayyana cewa an samu maiƙon nono a jikin katangar tukwane daga kogon Takarkori na Libiya, shaidar cewa ana tatsa tun wajen shekara 7,000 da suka shuɗe.

Da hamada ta fara cin ƙasar, makiyaya suka gangaro kudu. A Gajiganna ta jihar Borno, masana daga Jami'ar Frankfurt ta Jamus da Jami'ar Maiduguri sun gano mazaunin mutanen da suka iso wajen shekara 1800 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), da shanunsu da tumaki da awaki. Abin lura shi ne, sai bayan ƙarnuka alamar geron noma ta bayyana a tukwanensu. Wato a can, kiwo ya girmi noma. A Daima, kusa da Tafkin Chadi, Graham Connah ya tono ƙananan shanu na yumɓu a 1965 da 1966. Shanun farko ba su da tozo. Masu tozo asalinsu Indiya, daga baya jininsu ya shigo, shi ne muke gani a Bunaji da Rahaji.

Jaki ɗan Afirka ne, daga arewa maso gabas. Kaza daga Asiya ta zo, kuma ta makara ƙwarai. Zabuwa ce tamu ta Afirka ta Yamma, kuma har yau ba ta gama sallamawa ba: ta tafi cikin shinge ta yi ƙwai a ɓoye, sai an bi sawunta an kwaso an sa wa kaza ta ƙyanƙyashe.

Littafin Tarihin Kano ya ce a zamanin Barbushe mutane kan taru a gindin Dala da baƙin kare da baƙar kaza da baƙin bunsuru don tsafi. Ya ce Sarki Abdullahi Burja, wanda ya yi mulki daga 1438 zuwa 1452, shi ya fara mallakar raƙuma a ƙasar Hausa. Dawaki kuwa sun cika shafukansa, don da su ake yaƙi. Akuyar mata ba ta samu wannan gata ba, alhali fatarta ce aka jeme aka ƙetara da ita hamada har Turai, inda aka san ta da sunan fatar Maroko. A ganina wannan rashin adalci ne na tarihi. Doki ya ci garuruwa, amma kashin akuya ne ya ciyar da mutanen da ke cikinsu.

Labarin talaka da dabbarsa a cikin ƙasa yake, a kufai da tsohon juji. Kwalekwalen Dufuna na jihar Yobe, mai shekara kusan 8,000, wani makiyayi ne ya ci karo da shi yana haƙa rijiya a 1987. Don haka mai haƙar ƙasar gini ko rijiya a ƙauyukanmu, in ka tarar da tarin tsofaffin ƙasusuwa da katanga a can ƙasa, kada ka watsar. Ka bar su yadda suke, ka sanar da mai unguwa, a kai labari gidan tarihi na Gidan Makama.