Tarihin Mako: Shekarar da Aka Yi wa Kolosiyam Shema

A 1855, wani likita ɗan Ingila, Richard Deakin, ya ƙirga nau'in tsiro 420 a kangon Kolosiyam, tsohon filin wasan birnin Rum, har da ɓaure. Saiwoyinsu na kutsawa tsakanin duwatsu suna tsaga bango. A 1871 Pietro Rosa, mai kula da kayan tarihin birnin, ya sa aka tumɓuke su. Marubuci Augustus Hare ya koka cewa fizgar saiwoyin ta zubo da duwatsu masu yawa.

To, in cediya ta tsiro a katangarku, ku cire ta tun tana ƙarama. In ta riƙa, kada ku fizga: ku sare ta, ku yi ta datse tohon har saiwar ta mutu, sannan ku toshe tsagar.