Jitar Kwali ta Torres da Tsirkiyar Hanjin Tunkiya

Da yawa daga cikinmu, jitar da kunnenmu ya saba da ita mai tsirkiyar waya ce, irin wadda samarin Agadas ke haɗawa da lantarki. Wadda zan yi magana a kanta daban ce: jitar Sifaniya mai tsirkiya shida, wadda mutum ɗaya ke ƙerawa da hannu cikin watanni, a kaɗa ta da yatsa da farce a gaban ɗaruruwan mutane babu lasifika. Mai sayen irinta yakan zuba kuɗin da za su iya sayen mota, kuma sau da yawa cikin rabin awa yake yanke hukunci. Ma'aunin da yake aunawa da shi yana da tarihi, rabin tarihin kuwa na tsirkiya ne.

Mu fara da katakon. Antonio de Torres, wanda aka haifa kusa da Almeriya a 1817, ya rasu a 1892, shi ya ba jita siffar da take da ita yau. Ya faɗaɗa cikinta, ya sirantar da allon fuskarta, ya tallafe shi daga ciki da siraran sanduna, galibi bakwai, a baje kamar mafici. Tsawon tsirkiya na milimita 650 da ya yawaita amfani da shi, har yanzu shi mafi yawan maƙera ke bi. A 1862 ya yi wani abu mai kama da wasa: ya ƙera jita mai fuskar katako, amma bayanta da gefenta na kwali. Tana nan a gidan tarihin kiɗa na Basalona. Darasin da maƙera suka ɗauka shi ne, muryar jita daga fuskarta take fitowa. Mai haɗa goge ba zai yi mamaki ba, don ya san fatar da aka ɗame a bakin ƙwarya ita ce mai magana.

Saboda haka idan aka miƙo mini jitar hannu, adon bayanta ne abu na ƙarshe da nake dubawa, ko da kuwa a nan kuɗin ya fi tafiya. Ina kallon fuskar ta gefe, in ga ko ta kumbura a bayan jaki ko ta lotsa a gabansa, domin kaurinta bai wuce milimita biyu da ɗoriya ba, ga shi tana ɗauke da jan tsirkiya na kusan kilo 40 dare da rana. Sannan in bi tsirkiya ta farko, mafi siranta, mataki-mataki har ƙarshen wuya, ina sauraron ko akwai sautin da ke mutuwa kafin 'yan'uwansa. Ƙarfin murya kuwa, mai rungume da jita ba ya iya auna shi. Sai wani ya kaɗa, kai ka koma ƙarshen ɗaki.

To, da wace murya ake kwatantawa? Nan Andrés Segovia ya shigo. A 1912, yana matashi, ya samu jita daga shagon Manuel Ramírez a Madrid, aikin hannun Santos Hernández. Wani maƙeri a birnin Munik na Jamus, Hermann Hauser, ya nazarci wannan jita, ya shafe fiye da shekara goma yana gwaji, har a 1937 ya ƙera wadda Segovia ya karɓa ya yi ta kaɗawa zuwa farkon shekarun 1960. Duka biyun suna gidan tarihi na Metropolitan a New York, kuma ta Hauser ta zama abin da ake kwaikwayo a ko'ina.

Sai dai Hauser bai san nailan ba lokacin da yake fere ta. Tsirkiyu uku na sama a wancan zamani hanjin tunkiya ne da aka murza aka busar, uku na ƙasa kuma siliki ne da aka naɗe da waya. Hanji yana da murya mai daɗi, amma yana zarewa, yana sauya sauti da zarar iska ta yi laima, yana kuma tsinkewa a tsakiyar wasa. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke sai ya yi wuya, domin likitoci na buƙatarsa wajen ɗinke rauni. A New York, wani maƙeri haifaffen Denmak, Albert Augustine, ya yi ta gwada zaren nailan na kamfanin DuPont, Segovia na saurare yana gyara masa, har tsirkiyarsa ta shiga kasuwa wajen 1948. Kenan jita guda, a hannun mutum guda, ta yi rayuwa biyu: shekara goma da hanji, sauran da nailan. Duk wanda ya ce mini yana neman "muryar Hauser", sai in tambaye shi wacce daga ciki.

Bayan nan zaɓi ya ƙaru. A shekarun 1960 José Ramírez na Uku ya yayata fuskar jan itacen sida, mai murya cikakkiya mai ɗan duhu, saɓanin farin sifurus na Torres da Hauser mai murya tar. Greg Smallman na Ostareliya, wanda John Williams ya kaɗa jitarsa, ya sirantar da fuska ƙwarai ya tallafe ta da raga. Tsirkiyar da ake kira kabon, wadda asalinta zaren kamun kifi ne, ta fi nailan siranta da kaifin murya. A ganina ta fi amfani a tsirkiya ta uku, wadda a nailan takan yi kauri ta dushe. Amma a kan sifurus mai kaifi tun asali, tana iya mayar da murya tsiwa. Tsirkiya mai tsananin ja kuma ba kullum take ƙara murya ba: fuska marar nauyi irin ta Torres tana iya shaƙewa a ƙarƙashinta. Ta waya kam, mai jan kusan ninki biyu, ɓamɓare jakin za ta yi.

Shi ya sa rabin awar nan ta mai saye take damuna. Sabuwar nailan tana kwanaki tana miƙewa kafin ta zauna, tsoffin tsirkiyun ƙasa kuwa gumi ya riga ya kashe su. Aikin watanni sai a ƙi shi saboda zaren da bai kai kuɗin kirtanin buhu nawa ba. Ni dai ba na yanke wa jita hukunci sai na tambayi maƙerinta da wace tsirkiya ya ƙera ta, na ji ta da ita, sannan na sauya wata na sake ji bayan mako guda.