Kasuwannin Birnin Kano: Tarihin Ƙaurarsu da Sauyawar Fasalinsu

Birnin Kano yana daga cikin biranen da tijara ta raya tun ɗaruruwan shekaru kafin zuwan Turawa, kuma duk wanda ya bi diddigin tarihinsa zai tarar cewa cibiyar cinikinsa ba ta dawwama a wuri guda ba, a'a, ta yi ta ƙaura daga unguwa zuwa unguwa gwargwadon hanyar da haja take shigowa: a zamanin raƙumi da jaki tana cikin ganuwa, da jirgin ƙasa ya zo ta fita Waje, da mota ta rinjayi jirgi kuma ta bazu a bakin manyan tituna. A kowace ƙaura hukuma tana da hannu, wani lokaci da kyakkyawan tanadi, galibi kuwa bayan al'amari ya riga ya sha gabanta.

Littafin Tarihin Kano ya jingina kafa Kasuwar Kurmi ga Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, shi ne kuma ya gina gidan sarautar da ake kira da sunansa, ya faɗaɗa ganuwa, ya karɓi baƙuncin Shehu Maghili. An kafa kasuwar a gefen Jakara, a tsakiyar birni, unguwannin baƙi kuma suka yi ta tsirowa kewaye da ita, har yau sunayensu suna shaida asalin mazaunansu: Dandalin Turawa na Larabawan Gadamas da Tarabulus, Zangon Barebari, Tudun Nufawa, Ayagi ta Yarabawa. A wajen ganuwa kuwa, a Fagge, nan ayarin Abzinawa yake sauke gishiri da kanwa da dabino. Kowace sana'a da layinta: 'yan shuni, dukawa, masu sirdi da linzami, 'yan goro, 'yan ƙwarya, mahauta, da masu sayar da takarda da littattafai. Ba daidai ba ne a ɓoye cewa a cikin layukan nan har da na bayi, inda ake cinikin 'yan Adam kamar sauran haja, sai a farkon ƙarni na ashirin aka hana.

Abin da ya riƙe wannan kasuwa ya fi ƙarfin rumfunanta, domin rumfunan na kara ne da zana, kuma damina takan mai da wurin fadama. Abin da ya riƙe ta shi ne nizamin mu'amala. Baƙo ba ya shiga da kayansa kai tsaye, sai ya sauka a gidan fatoma, wanda zai ba shi masauki, ya adana masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa idan an ci bashi. Sarkin Kasuwa kuma yana kula da rabon rumfuna da sasanta husuma. Baturen Ingila Hugh Clapperton, wanda ya zo Kano a 1824, ya ba da labarin cewa a cikin kowane ƙunshin riga ko turkuɗi ana rubuta sunan dillalin da ya sayar, ta yadda idan aka kai kayan har Barno aka kwance aka tarar da aibi, sai a komo da su, dillali ya nemo mai kaya ya mai da kuɗi. Ya kuma ce a kasuwar ya sayi laima ƙirar Ingila. Bajamushe Heinrich Barth da ya iso a 1851 ya ga yadda tufafin da aka saƙa aka rina a ƙasar Kano suke kaiwa har Tumbutu da Murzuk. Lalle kasuwar da za a mai da mata haja daga tafiyar wata guda a karɓa ba tare da gardama ba, ta kai wani matsayi na amana wanda ya cancanci a rubuta shi a tarihi.

Turawa sun ci Kano a watan Fabrairu na 1903, kuma a zamanin Sarki Abbas aka rushe tsofaffin rumfunan Kurmi aka sāke gina su da ƙasa a jere, don sauƙin tsafta da karɓar kuɗin rumfa. Sai dai abin da ya juya al'amarin kasuwar ba wannan gini ba ne. A 1911 layin dogo ya iso Kano, a 1912 aka buɗe shi ga sufuri har Ikko, a daidai lokacin da Italiya ta afka wa Tarabulus, hanyar Sahara da ta riga ta raunana ta ƙara mutuwa. Tashar jirgi kuwa a wajen ganuwa aka gina ta, ta gabas, kuma tun da siyasar Turawa ita ce a raba mazaunin Musulmin birni da na baƙi, sai aka yanka filaye kashi-kashi: Nasarawa ga Turawan mulki, filayen kusa da tasha ga kamfanoni irin su Niger Company da John Holt da G.B. Ollivant, Fagge ta Kudu ga mutanen Sham da Labanan, Sabon Gari kuma, wajen 1913, ga ma'aikata da 'yan kasuwa daga Kudu da sauran ƙasashen bakin teku. Turawa sun yi tsammanin auduga jirgin zai riƙa ɗauka. Manoman Kano suka ga gyaɗa ta fi riba, fataken goro da suka san ƙauyuka suka shiga saye, mafi shahara a cikinsu shi ne Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955. Dalar gyaɗa ta tashi kusa da layin dogo, kuɗi suka bi ta, Kurmi kuma, wadda titunanta ba sa ɗaukar babbar mota, ta soma zama kasuwar kayan gargajiya da ta mutanen cikin gari.

Daga nan har bayan samun mulkin kai, cinikin zamani yana hannun rukuni uku, kowane da unguwarsa. Manyan kantuna irin su Kingsway da Leventis da Chellarams suna hidimar Turawa da manyan ma'aikata, farashi a rubuce, babu taya babu albarka. Kasuwar Sabon Gari ita ce ta kowa da kowa, inda ake samun doya da manja da kwanon sha da fitila da kayan keke. Rikicin 1966 da yaƙin basasa sun fitar da Inyamurai da yawa daga cikinta, cikin hasarar rayuka da dukiya, bayan 1970 kuma da dama suka komo. Daga baya aka sāke gina ta da siminti, ana kuma kiranta da sunan Gwamna Muhammadu Abubakar Rimi. Rukuni na uku su ne Kwarori, wato mutanen Sham da Labanan, waɗanda suka gina gidaje a Fagge ta Kudu, kanti a gaba iyali a baya, suna sayar da yadi da atamfa ga Hausawa masu sari.

Wannan unguwa ta uku, wato Kantin Kwari, ita ce ta fi cancantar a tsaya a kanta, domin ba wata hukuma da ta zauna ta zana ta a matsayin kasuwa. Unguwar zama ce da ciniki ya cinye ɗaki bayan ɗaki. Dokar mai da kamfanoni hannun 'yan ƙasa ta 1972, da wadda ta biyo bayanta a 1977, sun hana baƙi cinikin sayar da kaya ɗaiɗai, sai Kwarori da yawa suka koma kafa masana'antu a Bompai da Sharaɗa da Challawa, yaransu da dillalansu na dā kuma suka gaji kantunan. Aka rushe gidajen zama aka tayar da benaye, kowane bene ana kiransa gidan wane, ƙasa shaguna, sama sito, bakin ƙofa 'yan tebur. Da daddare manyan motoci suke sauke diloli. Kafin hantsi 'yan dako sun rarraba su a ka da a kura cikin lunguna waɗanda mutum biyu ba sa giftawa sai ɗaya ya karkata. Mai saye daga Damagaram ko Maraɗi ko Injamena ko Garwa yakan fara biyawa Wapa wurin 'yan canji ya juya sefarsa, sa'an nan ya shigo. Idan ya tambayi wata shadda ko leshi da babu a shagon da ya tsaya, yaron shago ba zai ce babu ba, sai ya ce a ba shi minti biyu, ya ruga maƙwabta ya ɗauko turmi goma ba takarda ba sa hannu, a yi lissafi bayan La'asar. Yaron da ya yi shekaru yana wannan hidima da gaskiya, maigida yakan sallame shi da jari ko ya buɗe masa hanyar karɓar kaya bashi. Haƙiƙa wannan shi ne nizamin fatoma da dillali na Kurmi, ya sauya tufafi kawai.

Abin takaici shi ne, hajar da ake juyawa a Kwari ta daina zama ta gida. Bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, da faɗuwar darajar naira da rashin wutar lantarki, masaƙun Kano da na Kaduna suka yi ta rufewa, yadin ƙasar Sin kuma ya cika kasuwa, wani ta tashar jirgin ruwa, wani ta ɓarauniyar hanya daga Kwatano ta Nijar. Manyan 'yan kasuwa suka koma zuwa Dubai da Guangzhou, daga bisani 'yan Sin ɗin suka zo da kansu suka kama sito; a 2012 jami'an shige da fice suka kama wasu daga cikinsu bisa tuhumar yin cinikin da doka ba ta halatta musu ba. Birnin da Barth ya ga yana kai tufafinsa har Tumbutu da Murzuk ya wayi gari yana dillancin saƙar wasu.

Sauran kasuwanni mota ce ta yi musu wuri. Hatsi ya koma Dawanau a kan hanyar Katsina a tsakiyar shekarun 1980, kayan marmari suka tafi 'Yan Lemo a kan hanyar Zariya, kayan gwari 'Yankaba, kayan gini da na mota Ƙofar Ruwa, gwanjo da takalma Ƙofar Wambai, kayan masarufi Singa. Da wayar salula ta zo a 2001, titin Beirut da Farm Centre suka cika da masu sayarwa da masu gyara.

Ba a rasa tsari a takarda ba. An yi wa birnin tsarin shekara ashirin, daga 1963 zuwa 1983, wanda B.A.W. Trevallion ya jagoranci rubutawa, aka kuma kafa hukumar tsara birni, amma yawan jama'a ya wuce ƙiyasi, kuma gwamnatoci suka gane cewa babu ƙasa mai tsada kamar taku goma a bakin kasuwa. Sai aka shiga yanka hanyoyin cikin kasuwanni da wuraren ajiye motoci da bakin magudanan ruwa ana mai da su shaguna. Sakamakon wannan ba ya ɓuya. A watan Maris na 2016 gobara ta cinye dubban rumfuna a Sabon Gari; a daminar 2022 ruwa ya shiga Kantin Kwari ya lalata dukiya mai ɗimbin yawa, 'yan kasuwa da jami'ai kuma suka ɗora alhakin a kan gine-ginen da aka yi bisa hanyar ruwa. Mutane sukan ce ƙaddara ce, kuma babu mai musun ƙaddara, amma toshe hanyar motar kashe gobara da shago aikin ɗan Adam ne, kuma akwai wanda ya sa hannu a takardar izininsa.

An kuma jarraba kantin zamani irin na ƙasashen waje. A 2014 aka buɗe Ado Bayero Mall a titin Gidan Zoo, da Shoprite a matsayin babban ɗan haya, matasa suka mai da wurin dandalin shaƙatawa da ɗaukar hoto musamman a lokacin Sallah. Amma a Janairun 2024 Shoprite ta rufe reshenta na Kano, alhali kantunan 'yan gari irin su Sahad da Jifatu sun riga sun san abin da iyalin Bakano yake saye da lokacin da yake sayensa. Gadojin sama da aka gina a Ƙofar Nasarawa da titin Murtala Muhammad sun rage cunkoso ga mai wucewa, masu shagunan da gada ta rufe wa fuska kuma suka ga ciniki ya ragu.

Mafi zafin babi a wannan tarihi shi ne na kwanan nan. A zamanin Gwamna Abdullahi Umar Ganduje, daga 2015 zuwa 2023, an ba da filayen gwamnati da dama ga masu gini, aka kewaye Filin Idi na Ƙofar Mata da shaguna, aka tayar da rukunin kantuna a tsohon Otal ɗin Daula. Gwamna Abba Kabir Yusuf da ya gaje shi ya riga ya yi alkawarin ƙwato filayen, kuma a watan Yuni na 2023, kwanaki kaɗan da rantsar da shi, motocin rusau suka fita. Masu goyon baya suka ce filin sallar Idi haƙƙin al'umma ne wanda bai halatta a sayar ba, kuma hujjarsu tana da ƙarfi. Amma wanda ya sayi shago da takardar hukuma, ko ya kama haya ya zuba jarinsa, bai yi laifin da za a hukunta shi ba tare da sauraro ba, ga shi kuma ɓata-gari sun wawashe kaya da ƙarafa. Babbar Kotun Tarayya ta yanke wa 'yan kasuwar Filin Idi diyyar naira biliyan 30, daga baya aka yi sulhu a kan biliyan 3. Gwamnati ɗaya ta karɓi kuɗin fili, wata ta biya diyyar rushe shi daga baitulmalin jama'ar Kano.

A halin yanzu ƙaura ta nufi kudu, zuwa Ɗangwauro a kan hanyar Zariya, inda aka gina sabuwar cibiyar kasuwanci mai faɗin hanyoyi da wurin tsayawar manyan motoci. Masu sayar da magunguna na Sabon Gari sun daɗe suna ƙin tashi, suna kukan tsadar shaguna da nisan wuri daga abokan cinikinsu, har a watan Fabrairu na 2024 kotu ta ba da umarni, hukumar NAFDAC da majalisar masu harhaɗa magunguna suka garƙame ɗaruruwan shagunansu, da yawa daga cikinsu kuma suka kwashe kaya suka koma can.