Jirgin Ƙasa Mai Tururi da Hausawan Zangon Lome

Kafin Jamusawa su shimfiɗa layin dogo a Togo, akwai Hausawa a Lome. Fatake ne da suka saba bin hanyar Gwanja, suna kai kanwa da tufafi, suna komowa da goro. Yaƙin basasar Salaga na 1892 ya warwatsa da yawa daga cikinsu, wasu suka gangaro bakin teku. Unguwar da suka sauka ita ce Zango, sunan da asalinsa ke nufin masaukin ayari.

A 1897 Jamusawa suka mai da Lome hedikwatar mulkinsu, a 1904 kuma suka buɗe gadar da ta shiga cikin teku don lodin kaya. Daga nan ne layuka uku suka tashi, kowanne faɗinsa mita ɗaya. Na Aneho, mai kilomita 44, an buɗe shi a 1905. Na Kpalime, mai kilomita 119, a 1907. Na uku ya kai gab da Atakpame a 1911. An yi musu laƙabi da kayan da suke ɗauka: layin kwakwa, layin koko da layin auduga. Bayan Faransawa sun karɓi ƙasar, suka ƙarasa na ukun zuwa Blitta a 1934.

Laƙabin nan ya isa ya nuna manufar aikin. An gina layukan ne domin a kwaso amfanin gona zuwa jirgin ruwa, shi ya sa duk suka fuskanci teku. Hanyar fatake kuwa daga gabas zuwa yamma ta miƙa, tana haɗa Kano da Gwanja. Da dogo ya isa Kano a 1911, sai goro ya koma bin teku zuwa Legas, daga can a loda shi a tarago. Tafiyar da ayari kan yi wata da watanni yana yi ta koma ta 'yan kwanaki, madugu da jakunansa suka rasa abin yi.

Amma Zango bai mutu ba. Maigida mai saukar da baƙi da dillali suka ci gaba da riƙe cinikin shanu da goro, domin jirgi kaya yake ɗauka, ba ya tsaya wa baƙo a kan bashi. A 1977 hukuma ta rushe tsohuwar unguwar, aka mai da mazaunanta arewacin birnin. Har yau sabon wurin Zango ake kiransa.