Sifinja da Masu Gyaranta: Makanikan da Suka Riƙe Mana Hanyar Makwar

Duk shekara idan ranar kafuwar ƙungiya ta zagayo, sunayen manyan fatake da masu motoci ake ambata, kuma sun cancanta. Sai dai akwai mutumin da ba mu cika tunawa da shi ba, alhali ba a taɓa kai buhun dawa ko na riɗi kasuwa ba tare da hannunsa a ciki ba. Shi ne bakaniken da ke kwance ƙarƙashin lori a bakin hanya, wanda a Sudan ake kira usta. Tarihin fataucinmu tsakanin ƙasar Hausa da Shuɗin Nilu ba zai cika ba sai an ba da nasa labarin.

Hanyar ta girmi mota nesa ba kusa ba. Alhazai sun daɗe suna bin ta a ƙafa da jakuna, wasu su shekara da shekaru suna noma a hanya don tara guzuri. Bayan da Turawan Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja jama'a zuwa gabas, suka zauna a gaɓar Shuɗin Nilu kudu da Sinnar, a garin da har yau ake kira Mai Wurno. Ba da nisa ba akwai ƙauyen Makwar, inda aka gina madatsar ruwan da aka kammala a 1925. Ita ce ta shayar da gonakin audugar Jazira, kuma Hausawa da Fulani da Barebari na cikin waɗanda suka yi aikin tsintar audugar. Da yawa sun zo da niyyar wucewa Makka, sai zama ya kama su, suka kafa ƙauyuka a Jazira da bakin kogi har zuwa Gadarif.

Jirgin ƙasa ya isa Al'ubayyid a 1912, bai kai Niyala ba sai 1959. Ke nan tsakanin Maiduguri da bakin dogo akwai tafiya mai nisan gaske ta Fort Lamy, wato Injamena ta yanzu, da Abashe da Adare da Jinaina da Fashir, babu kwalta. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu lori ce ta cike wannan giɓi. A 1948 wasu attajiran Kano, ciki har da Alhaji Mahmud Ɗantata, suka kafa kamfanin jigilar alhazai ta wannan hanya. Inda alhaji ya bi kuwa, nan ɗan kasuwa ke bi.

Motar da ta fi barin suna ita ce Bedford ƙirar TJ, wadda aka fara ƙerawa a Ingila a 1958. Direbobin Sudan suka sa mata suna sifinja, sunan silifas ɗin roba, saboda taushinta a hanya. Makanikai da maƙera ba su bar ta yadda ta zo ba. Sukan kwance ta kakaf, su ƙarfafa ƙashinta da ƙarin ƙarfe, su ƙara ganyen sifirin, su ɗora mata bodin ƙarfe, har ta ɗauki kayan da suka wuce abin da kamfanin ya ƙayyade, ta ratsa rairayi da su. Wani masani Bajamushe na Jami'ar Bayreuth, Kurt Beck, ya yi bincike kan wannan sana'a, kuma Valerie Hänsch ta yi fim a kanta a 2009. Abin da ya ba su mamaki, mu a wajenmu abin yau da kullum ne.

Manyan lorin sun koma shan gas, amma motocin da ke shiga ƙauyuka ranar kasuwa, irin su Land Rover da akori-kurar Peugeot 404, fetur suke sha, kuma ransu yana cikin kafireta. Aikinta shi ne haɗa iska da fetur daidai gwargwado, kimanin awo 15 na iska ga awo ɗaya na mai. Iskar da inji ke zuƙa tana bi ta wani ƙuntataccen maƙogwaro, saurinta ya ja fetur daga ɗan kwano ta wata kafa mai kama da hancin allura. A ƙasar da iskar habub ke tashi da ƙura, kuma ake sayen mai daga duro a bakin hanya, wannan kafa ba ta daɗewa ba ta toshe ba. Sai mota ta fara tari, ko ta yi baƙin hayaƙi, ko ta mutu da zarar an ɗaga ƙafa daga totur.

Usta zai sauke kafiretar, Solex ce ko Zenith, ya shimfiɗa ƙyalle, ya jera kusoshinta bisa tsarin da ya kwance su. Ya wanke kowane yanki da fetur, ya hura kafofin da famfon taya. Gogagge ba ya zura waya a cikin kafar, don idan ta faɗaɗa motar za ta riƙa shan mai har abada. Ya duba ɗan abin da ke iyo a cikin kwanon, wanda ke rufe hanyar mai idan ya cika, ko ya huje. Idan babu sabon gasket, ya yanka daga takarda mai kauri. Daga nan sai ya tayar da inji, ya riƙa juya kusar saiti yana saurare, har muryar motar ta daidaita. Na'urarsa kunnensa ne.

Birki kuwa maganar rai ce. Waɗannan motoci birkin ganga suke da shi, wanda Louis Renault na Faransa ya fito da shi a 1902. Gangar ƙarfe ce ke juyawa da taya, a cikinta akwai takalma biyu masu lanƙwasa. Idan direba ya taka, man birki ya tura su su matse gangar daga ciki. Ƙasar Jazira baƙar laka ce. Da rani ta tsage, da damina ta zama danƙo, taɓo ya shige cikin ganga ya cinye fatar takalman. Ga kuma lodin da ya wuce kima, wanda ke sa ganga ta yi zafi ta buɗe, birki ya yi sanyi a daidai lokacin da ake bukatarsa.

Gyaransa ba a gaggawa. A cire ganga, a ɓalle tsohuwar fata, a buga sabuwa da kusoshi masu taushi waɗanda ba za su karce ƙarfe ba. Idan gangar ta yi zane, a kai ta wajen mai injin feƙe ƙarfe, amma akwai iyakar da ba a wucewa, don gangar da ta yi sirara tana iya tsagewa. Sai a fitar da iskar da ta shiga tiyo: yaro yana taka birki a ciki, usta yana buɗe kusa a ƙasa yana kiran "taka" da "riƙe". A nan yawancin yara suka fara koyon sana'a. Akwai kuma abin da magabata ba su sani ba. Fatar birkin da ana haɗa ta da asbestos, ƙurarta tana lalata huhu, ga shi sun saba hure ta da baki. Wanda ke wannan aiki yau ya jiƙa ƙurar ya goge, kada ya hure.

Kamfanin General Motors ya daina ƙera manyan motocin Bedford a 1986. Kamfanin AWD ya karɓa, shi ma ya durƙushe a 1992. Amma sifinja ta ci gaba da ɗaukar dawar Gadarif da gawayi da albasa shekaru da yawa bayan mutuwar masu ƙera ta. Dalili ɗaya ne: an yi ta yadda mutum zai iya kwance ta ya mayar da hannunsa. Kuma da yake an riƙa haɗa Peugeot a Kaduna tun 1975, ilmin gyara iri ɗaya ne daga Kano har Wad Madani. Direban da motarsa ta lalace a kowane zango zai sami wanda ya san ciwonta.

Motocin yanzu kwamfuta ce ke auna musu mai. Sun fi tsimi, hayaƙinsu ya fi tsabta, babu mai musun wannan. Amma idan suka tsaya a daji, sai an jira na'ura da kayan gyara daga birni. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023, wanda ya kai Wad Madani a Disamban shekarar, ya kai Sinja a Yunin 2024, ya tuna mana abin da ke faruwa idan hanyar birni ta yanke. A irin wannan rana, motar da ake iya gyarawa a ƙauye ita ce mota.

Ustocin da suka san wannan aiki suna tsufa, yaransu kuma da yawa sun watse. Mu da muke cin abinci da hanya, akwai abin da za mu iya yi. Mu ɗauki nauyin yara su zauna wajen tsofaffin makanikai, su koyi tsohon aiki tare da sabo. Mu biya usta haƙƙinsa a kan lokaci. Mu daina matsa wa direba ya ɗora kayan da birkinsa ba zai iya tsayarwa ba. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya dawo wa Sudan da zaman lafiya, ya buɗe mana hanyoyinmu.