Daga kaset zuwa turi: wa ke maida wa mai saye kuɗinshi?

Yau tarihin kayan kallo da na wasa za mu taɓa.

A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fito da Turmin Danya, fim ɗin da anka fi ambata a matsayin mafarin finafinan Hausa na bidiyo. Daga nan kaset ya kama hanya: Kano, Sakkwato, Ƙwanni, Tsarnawa, har kasuwarmu. A lokacin, in kaset ya ƙi yi, ka san teburin da ka saye shi. Ka koma, a gwada gabanka, a musanya maka.

Da faifan CD ya shigo, kwafi ya zama abin banza, mai kwamfuta ɗaya ya isa ya cika kasuwa. Wasannin bidiyo ma hanyar sunka biyo. Kamfanin Sony ya fito da PlayStation a Japan a 1994, ta biyu kuma a 2000. A ɗakunan wasa na samari, sau da yawa sai an yi wa na'urar dabara kafin ta karanta faifan kwafi. In ƙwallo ta tsaya tsakiyar wasa, sai haƙuri.

Bayan haka turi ya zo, daga kwamfuta zuwa waya. Cinikin faifai ya mutu, masu shirya finafinai da dama sunka koma YouTube, inda Izzar So ya fara a 2020.

A wasu wurare kuwa, haƙƙin mai saye gaba ya yi. Tun 2015 kasuwar wasanni ta intanet mai suna Steam ke maida kuɗi cikin kwana 14, in ba a buga wasan awa 2 ba. A shekarar nan ce kuma Nijar ta kafa dokar kare masu saye, ga hukumar BNDA mai kula da haƙƙin mallaka.

To amma jama'a, wanda ya biya kuɗin kwafin sata, gun wa zai kai kuka? Ba takardar ciniki, ba mai kaya na asali. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Kafin ku biya, ku tambayi asalin kaya, a gwada gabanku, ku yi sharaɗin maidowa.

Allah shi ba mu alheri.